Wai me ke cikin waƙar This Is America ne da ta yi wannan tashen?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu bin waƙoƙin Amurka ku fitar da ni daga duhu. Jiya bayan isha'i ina zaune a shagon mai cajin unguwarmu ina jira wayata ta ɗan sha wuta, sai ƙanina ya miƙo min tasa wai yaya kalli wannan, tsohuwa ce amma har yau in na kalla sai tsigar jikina ta tashi. Wani baƙar fata ne ba riga, gemu buzu-buzu, yana ta karairaya da yatsine fuska a cikin wani makeken sito, ga wani bawan Allah can yana kaɗa jitarsa hankali kwance, kafin ka ce kwabo an rufa wa mai jitar ƙyalle a ka, gogan ya zaro bindiga daga bayan wando ya ɗirka masa a ƙeya. Wlh sai da na zabura har mai cajin ya yi min dariya. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ci gaba da tiƙar rawa da wasu yara masu kayan makaranta, a bayansu ana ta guje-guje mota na ci da wuta.

Ƙanin nawa ya ce sunanta This Is America, mai ita Childish Gambino, wai ta kwashe manyan kyaututtuka a can. To ni da na koma gida na sa iyafis na saurare ta ba hoto gaskiya ban ji abin a zo a gani ba, kalmomin ba yawa, maimaici ne kawai. Me ya jawo mata wannan farin jinin? Ko dai harbe-harben ne suka ruɗa mutane?

Na Samaru:
Wa alaikumus salam Ɗan Fagge. Ai ka amsa rabin tambayarka da kanka, waƙar nan da ido ake jin ta. Sunan mutumin na yanka Donald Glover, ɗan fim ne kuma, shi ne mai shirin nan na talabijin Atlanta. Ya saki waƙar da bidiyon lokaci guda ranar 5 ga Mayu 2018, a daren da ya jagoranci shirin barkwancin Saturday Night Live, kafin gari ya waye ta cika Twitter, cikin kwana ɗaya an kalle ta sama da sau miliyan 12 a YouTube, kuma shigarta jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka ke da wuya ta ɗare lamba ɗaya ba ta bi layi ba.

Koma ka sake kallo ka duba tsayuwar da ya yi lokacin da zai harbi mai jita, yadda ya turo ƙugu baya ya lanƙwashe ƙafa. Mutanen can suna gani suka ce ai wannan Jim Crow ne, wani wasa da turawa ke yi tun wajen 1830, su shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙaƙe don izgili, daga baya sunan ya koma kan dokokin wariyar launin fata na kudancin Amurka da ba a rushe su ba sai 1964 da 1965. Sannan ka duba yadda ake yi da bindigar, yana gama harbi wani yaro zai taho da jan ƙyalle ya karɓe ta hannu bibbiyu kamar an miƙa masa jariri, ita kuwa gawar a ja ta a ƙasa kamar buhun gawayi. Wannan ko ba ka jin turanci ka gane wa aka fi darajawa.

Inda ya fi sosa musu rai shi ne wurin mawaƙan cocin nan da ke rerawa suna tafi, ya shigo yana rawa kamar nasu ne, aka jefo masa babbar bindiga ya share su gaba ɗaya. Kowa sai ya tuna Charleston, Yuni 2015, inda wani matashin bature mai aƙidar fifita farar fata ya shiga cocin baƙaƙe ya zauna tare da su suna karatun littafinsu, sannan ya tashi ya kashe mutum 9. Kuma ko wata uku ba a cika ba da kisan mutum 17 a wata sakandare a Parkland ta jihar Florida waƙar ta fito, ƙasar na tsaka da rigima kan mallakar bindiga. Ka ga ta faɗo a kan gaɓa.

Amma ni abin da ya fi burge ni tarkon da ya ɗana wa mai kallo ne. Karon farko idonka na kan rawa, sai a na biyu ko na uku za ka lura wani ya faɗo daga sama, wani ya wuce a kan farin doki fuska a rufe, ga yara a saman bene suna ɗaukar tashin hankalin da waya. Wato kai da ka shagala da rawa ka manta da gawa, da kai ake. Shi ya sa mutane suka dinga maimaitawa suna tsayar da bidiyon daƙiƙa-daƙiƙa, shi kuma da 'yan jarida suka tambaye shi ma'ana ya ƙi buɗe baki, ya bar kowa da fassararsa, surutu sai ya ƙaru.

Kyauta kuma a Grammy, babban bikin karrama mawaƙa na Amurka, ta Fabrairu 2019 ta kwashi 4, ciki har da waƙar shekara da faifan shekara, kuma kafin ita babu waƙar rap da ta taɓa cin ko ɗaya daga cikin biyun nan. Shi ko wurin bikin bai je ba, abokin aikinsa Ludwig Göransson ɗan Suwidin ne ya hau ya karɓi ta faifan.

Uwar Biyu:
Na Samaru sannu da ƙoƙari Allah ya ƙara basira, amma ni fa ina da ja. Duk fassarar nan taka na yarda da ita, tambayata ita ce wa aka yi wa waƙar? Baƙar macen da aka harbe ɗanta ai ba ta buƙatar a nuna mata yadda ake jan gawa a ƙasa, ta gani da idonta. Kuma ka lura duk wanda aka kashe a bidiyon nan baƙi ne, mai kisan ma baƙi ne, alhali wanda ya shiga cocin Charleston bature ne, su kansu baƙaƙen Amurka da yawa sun yi ƙorafin wannan a lokacin.

Sannan ko sati ba a yi ba aka mayar da ita abin wasa, ana yanko wurin harbin ana ɗora masa wasu kiɗe-kiɗen soyayya ana dariya a intanet. Ni 'yan biyuna ma ta rawar suka san ta, ran nan na shigo falo da tiren abinci na tarar da su suna ta juya kafaɗa da gwiwa wai gwara-gwara suke, na ce kun san abin da ake faɗa a waƙar? suka ce Umma mu dai rawar ce ta yi mana. Rawar ma fa tamu ce ta Afirka, gwara-gwara daga Afirka ta Kudu take, wadda ta tsara rawar Sherrie Silver haifaffiyar Ruwanda ce da ta tashi a Ingila, har MTV ta ba ta kyauta a kai. Wannan kam na ji daɗi.

Batun Grammy kuwa kar ya ruɗe ku, rap tun ƙarshen shekarun 1970 ake buga shi a faifai, shekara 40 ba su ga wadda ta cancanci waƙar shekara ba sai wannan? Ni abin kunya na gani a wurinsu ba abin yabo ba.

Yaron Terminus:
Lol Anti kin zo da zafi. Amma wannan da kika faɗa na yaranki ai shi ne ainihin abin da bidiyon ke cewa, ana rawa ana mantawa, sun faɗa tarkon kenan 😂

Ni dai abin da na sani waƙar nan ta buɗe ƙofa, ƙasashe da yawa kowa ya yi tasa, kuma tamu ta Najeriya ta fi kowacce tayar da ƙura. Sati uku bayan fitarta mawaƙi Falz, ɗan gidan lauya Femi Falana, shi ma lauyan ne, ya saki This Is Nigeria. Ya zuba komai na lokacin, macijin da aka ce ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin JAMB na Makurdi, kodin da matasa ke ɗirka wanda a farkon watan Mayun 2018 gwamnati ta hana shigo da shi da haɗa shi bayan rahoton BBC, 'yan SARS, fastocin ƙarya, 'yan yahu, rashin wuta. A Jos har a keke ake sa ta. Ana cikin haka ƙungiyar kare haƙƙin Musulmi MURIC ta Farfesa Ishaq Akintola ta ba shi kwana 7 ya janye bidiyon ya nemi afuwa saboda 'yan matan da suka sa hijabi suna rawar shaku-shaku, shi kuma ya ce 'yan matan Chibok yake nufi kuma ba zai janye ba, daga baya suka fasa zuwa kotu suka ce hukumomi za su kai ƙara. A watan Agustan 2018 NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, ta ci tarar tashar rediyon Jay FM ta nan garinmu Jos naira dubu 100 kan wasu waƙoƙi har da wannan, wai saboda layin da ya ce kowa mai laifi ne. Ka ji fa, a can ana ba mutum Grammy a nan ana cin tarar gidan rediyo. Hanin ma sai ya ƙara mata kasuwa, wanda bai sani ba ma ya je nema.

Ɗan Jimeta:
Yaron Terminus ɗan uwa ka tsallake wuri ɗaya kuma shi ne ya fi damuna. A bidiyon Falz wa aka sa a matsayin mai kisan farko? Mutum ne da shigar Fulani, yana zaune yana kaɗa ɗan abin kiɗansa, ya tashi ya ɗauki adda. A na Amurka Glover da kansa ya riƙe bindigar, ya ɗora laifin a wuyansa a matsayin ƙasar gaba ɗaya, shi kuwa namu sai ya nemo wata ƙabila ya miƙa mata addar shi ya tsaya gefe da tsabtarsa. Ba na musun an yi kashe-kashe a Binuwai a shekarar, an yi, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, amma mu ma an kashe namu a Mambila da Numan a 2017 ba wanda ya sa a bidiyo.

A shekarar da waƙar Falz ta fito na je kudu sarin kaya, a wata tasha ina sanye da hulata da 'yar jakata wani yaron mota ya kalle ni ya kama rera amshin waƙar yana nuna wuyansa da yatsa, mutane na dariya. Ban ce komai ba na shige mota na zauna a kujerar baya. To ni wannan shi ne tasirin da na gani da idona.

Batun hijabi kuwa ra'ayina ya ɗan bambanta da na mutanenmu, yara 276 aka kwashe a Chibok a 2014, aka sake kwashe sama da 100 a Dapchi a Fabrairun 2018, da mun yi ihu kan wannan kamar yadda muka yi kan rawar da ya fi.

Na Samaru:
Ɗan Jimeta wlh ban taɓa kallon abin ta wannan fuskar ba, maganar waye ya riƙe makamin. Allah ya ba ka haƙuri. Sai dai ka ga ita ce kuma maganar da Uwar Biyu ta kama Glover da ita ta ɗaya gefen, shi ana cewa don me ya riƙe da kansa bai miƙa wa bature ba, Falz kuma don me ya miƙa wa wani. Ni dai har yanzu na Glover ya fi min, don ya fi wuya ka nuna kanka.

Uwar Biyu:
Ya fi wuya ko ya fi sayuwa a wurin masu ba da kyauta? Ban sauka daga kan bakana ba Malam.

Ɗan Fagge:
Kai jama'a na gode, na zo da tambaya ɗaya na tafi da goma. Yanzun nan na sake kallo sau uku da datar ƙanina, na ga jan ƙyallen na ga yaran da ke sama da waya, mai farin dokin ne dai har yanzu ban kama shi ba, duk sanda na ce zan duba baya sai in tsinci idona a kan rawar. Na Samaru a wajen minti na nawa yake wucewa? Sannan gudun da yake yi a ƙarshe cikin duhu ido a zazzare, su wa ke bin sa?