Tsohuwar taransimitar gajeren zango: a tayar da ita ko a sayar?

Mai_Sukudireba:
Assalamu alaikum manyanmu injiniyoyi. Dan Allah shawara nake nema. A tashar da nake aiki akwai wata tsohuwar taransimita ta gajeren zango mai kilowat 100, irin ta da ɗin nan mai ƙaton taransifoman modulashon wadda ruwa ke sanyaya bawul ɗinta (manyan kwalaben lantarkin nan da ke ƙara wa sigina ƙarfi), an daɗe da kashe ta tun da hankali ya koma kan FM da intanet, tana nan dai a ɗaki ƙura ta lulluɓe ta. To yanzu manya sun ce ko dai a tayar da ita a riƙa ba masu shirye-shirye hayar lokaci, ko kuma a sayar, ni aka ɗora wa kawo rahoto. Su a ganinsu tunda da tsada aka sayo ta ko yanzu ma za ta yi kuɗi sosai, ni kuma gaskiya jikina bai ba ni ba. Wai har yanzu akwai masu sayen irin waɗannan kuwa? Kuma in tayarwa za a yi me zai fi cin kuɗi?

Tsohon_Injiniya:
Wa alaikumussalam. Ɗana jikinka ya faɗa maka gaskiya. Ka cire kuɗin da aka saye ta daga lissafi gaba ɗaya, mai saye ba ruwansa da shi. Kasuwar nan kaya sun yi wa masu saye yawa, don ka duba tashoshin da aka rufe: Rampisham a Ingila 2011, Sackville ta Rediyon Kanada da Bonaire ta Rediyon Holan duk 2012, Wertachtal a Jamus 2013, tashar DW ta Kigali 2015, Rediyon Ostireliya ta bar gajeren zango a Janairun 2017, Meyerton ta Afirka ta Kudu 2019. Kowacce da taransimitocinta masu kilowat 100 ko 250 ko 500, wasu ma sun fi taku ƙuruciya nesa ba kusa ba. To mai neman ta hannu yana da zaɓi, shi ke yanka farashi ba kai ba.

Ba wai ba a sayarwa ba ne. Bayan Rediyon Suwidin ta daina gajeren zango a 2010, taransimitocinta uku na Hörby ƙirar ABB an kwashe su zuwa tashar Talata da ke Madagaska suka ci gaba da aiki. Amma ka lura, masu PSM ne, wato modulato na zamani mai tsimin wuta, ba irin taku ba, kuma wanda ya saya yana da eriya da wuta da ma'aikata suna jira. Haka gidan rediyon WRMI a Amurka, da ta karɓi tashar Okeechobee a ƙarshen 2013 ai ba taransimita kaɗai ta ɗauka ba, fili da eriyoyi da komai ta haɗa. Darajar abin tana inda yake tsaye ne. Ranar da ka kwance ta ka raba ta da eriyarta da famfunan ruwanta, abin da ya rage a hannunka tan-tan ne na ƙarfe wanda sai an nemo kiren da tirela, ga kuɗin wanda zai sake haɗawa, shi ya sa sau da yawa cinikin yake ƙarewa da "zo ka kwashe kayanka ka share mana ɗaki".

Bawul_Mai_Zafi:
Baba ya gama magana a kan kasuwa, bari in ɗan taɓa gyara. Oga abu na farko don girman Allah kar wani ya je ya danna mata wuta haka kawai wai a gani ko tana tashi. Na'urar da ta daɗe a kwance danshi ya shiga taransifoma, robobin ruwa sun bushe sun tsage, ɓeraye sun yi gida a cikin wayoyi, kana ba ta babbar wuta za ka ji tas, shikenan ka ƙona abin da ba za ka samu wani ba. A fara gwada insulashon da mega (mitar da ke nuna ko wuta na yoyo), a bi intalok ɗin ƙofofi, wato makunnan da ke yanke wuta in an buɗe ƙofa, ɗaya bayan ɗaya, kuma sandar sauke caji ta zama tana rataye a wurinta don kapasitocin nan suna riƙe wuta ko an kashe.

Ruwan ma ba na famfo ba ne, tataccen ruwa ne da aka cire wa gishiri, saboda anod ɗin bawul yana zaune kan bolt fiye da dubu 10 kuma ruwan yana taɓa shi, in ruwan ya ƙazanta sai wuta ta riƙa bi ta cikinsa tana cinye bakin fayif a hankali, wata rana ka buɗe ka tarar da kore-kore a mahaɗa yana ɗiga. Bawul ɗin kansa shi ne uban kuɗi. In ya daɗe ba aiki yakan tara iska a ciki, sai an kunna filamen kaɗai an bar shi ya yi awoyi kafin a ɗora masa babbar wuta kaɗan kaɗan. Abin daɗin dai manyan bawul irin 4CV100,000C na Eimac ko TH558 na Thales ana sake gina su, a yanka a sa sabon filamen a zuƙe iska a rufe, Econco a Kalifoniya sun yi suna a wannan aikin, don haka ko matacce kuke da shi a sito kar a jefar, yana da kuɗinsa. Kuma in sabo aka sa, bayan awa 200 ɗin farko a ɗan rage wutar filamen har dai inda ƙarfin fita bai faɗi ba, yana ƙara masa rai sosai.

Sai kapasitocin nan marasa iska na Jennings ko Comet da moto ke juyawa. Gajeren zango ba kamar matsakaicin zango ba ne da za ka saita sau ɗaya ka manta, nan da rana kana mita 19 ko 16 da dare ka sauko mita 41 ko 49, kullum ana murɗawa, zugazugin ƙarfen da ke ciki yana gajiya ya tsage. In ya tsage babu faci.

Dan_Lissafi:
Ni duk wannan bai dame ni ba kamar wuta. Tsohuwa mai taransifoman modulashon kusan rabin abin da ta ja take fitarwa, kaga don ta ba ka 100 sai ta sha wajen 200. Masu PSM, dabarar da Brown Boveri suka fito da ita farkon shekarun 1980, suna kai kashi 70 cikin 100 ko sama, wato wajen 140. Bambancin kilowat 60 kenan, in kuna awa 10 a rana yunit 600 ne kullum ke tafiya a zafi kawai, ka buga da kuɗin yunit ko na dizal a inda kake ka kai wa manyan naku. Kamar tsohuwar motar da aka ba ka kyauta ce amma mai take sha kamar me. Kuma su masu sayen lokaci za su gwada farashinku da na tashoshin da ke da PSM da tsarin rage ƙarfin sigina in an yi shiru, ba za ku iya karawa da su ba wallahi.

Bawul_Mai_Zafi:
@Dan_Lissafi gaskiya ne amma ba dole a zubar da ita duka ba, ana cire tsohon modulato a sa na zamani a bar ɓangaren RF mai fitar da siginar rediyo, an yi wa taransimitoci ƙirar Continental 418 da yawa haka. Sai dai a lissafa ko kuɗin zai fita.

Hajiya_RF:
Malam Mai_Sukudireba kafin ku kira 'yan gwangwan ku duba man da ke cikin taransifomomi da kapasitoci tukuna. Kayan da aka ƙera kafin shekarun 1980 da yawansu man PCB ne a ciki, guba ce, yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa shi cikin abubuwan da za a kawar, in ya tabbata shi ne to ku za ku biya a kwashe ba a biya ku ba. Kar a bari yara su fasa don cire jan ƙarfe mai ya malale a ƙasa.

In kuwa sayarwa ce ni shawarata a sayar gunduwa-gunduwa. Bawul masu rai, kapasitoci, soket, lodin gwaji (abin da ake jonawa a madadin eriya lokacin gwaji), famfuna, masu irin ƙirarku da har yanzu suke aiki da ita su ke neman waɗannan ido rufe tunda kamfanoni da yawa sun daina yin sifiyarsu. A haɗa da manuwal da dayagiram da littafin da ake rubuta awoyin bawul, bawul ɗin da ba a san awoyinsa ba mai saye a matacce zai taya shi.

Sauraro49:
Haba jama'a kun bi kun binne gajeren zango da ransa. A Maris 2022 da yaƙin Yukiren ya ɓarke ai gajeren zango BBC ta koma don kai labarai can, kuma tashoshin Woofferton a Ingila da tsibirin Ascension suna nan suna aiki. Ranar da aka toshe intanet za a nemo irin taku da fitila.

Tsohon_Injiniya:
Sauraro ba mu ce ya mutu ba, masu saurare suna nan. Amma waɗanda ka ambata tashoshi ne da ba a taɓa barinsu sun yi sanyi ba, da ma'aikatansu da eriyoyinsu. Ɗana ka je ka ɗaga kai ka dubi eriyarku kafin ka rubuta komai, in wayoyinta da ke rataye kamar labule sun tsinke, insuleta sun fashe, turaku sun yi tsatsa, to gyaranta kaɗai zai iya fin na taransimitar.

Mai_Sukudireba:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Hajiya da sauran 'yan uwa, Allah ya ƙara basira. Eriyar tana tsaye amma layin da ke haɗa ta da taransimitar an sace wani ɓangare. Akwai bawul biyu a akwatinsu a sito ban san ko sababbi ba ne ko cirarru, gobe in Allah ya kai mu zan duba lambobinsu in nemo littafin awoyin. Oga Bawul in na turo hoton farantin taransifoman za ka iya gane irin man da ke ciki ko sai an kai gwaji?