Baba ya daina gani, komai kuma ya koma cikin jawwal (wayar hannu), ya zan yi?

Ummu Hanan, Jidda:
Slm jama'a don Allah ina neman shawara. Mahaifina ciwon suga ya taɓa mishi ido, shekara 2 ke nan ba ya gani sai dishi-dishi, kuma kun san ƙasar nan yanzu, igama (izinin zama) a manhajar Absher, ganin likita sai an yi mau'idi a manhajar Sehhaty, ziyarar Rauda sai manhajar Nusuk, komai dai waya. Ni nake riƙe mishi wayar, ni nake karanta mishi lambar da ake turowa, har kuɗin da ke asusunsa na sani, mutumin da ya yi shekara 30 yana ɗinki bai taɓa bari wani ya ƙirga mishi riyal ɗaya ba. Jiya ya ce min "Hajara, ba ni wayata ko zan ji nauyinta a hannu", wlh sai da na shiga ɗaki na yi kuka. Akwai yadda zai riƙa yi da kansa?

Abu Usama, Madina:
Wslm 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ni makaho ne tun ina ɗan shekara 9 kuma da hannuna nake rubuto miki wannan. In Android ce ki kunna mishi TalkBack, in iPhone ce VoiceOver, suna cikin wayar ba saye ake ba. Zai ja yatsa dama ta faɗa mishi abin da ke gaba, ya taɓa sau biyu ta buɗe. Satin farko zai ji kamar ya jefar da ita, kar ki karɓe, ki zauna kusa ki yi shiru, nan ne 'yan uwa suke kuskure, tausayi ya sa su fizge wayar su ce kawo in yi maka. Ki fara da kiran waya da saƙon murya na WhatsApp kawai, banki daga baya. Ki rage saurin muryar, ki sa Larabci in yana ji, don Hausa dai in ta zo karanta ta sai ki rasa me take cewa, ƙ da ɗ duk ta haɗiye su. Ga kuma Be My Eyes, kyamara zai nuna wani ɗan sa kai ya karanta mishi kwalin magani, amma banda katin banki.

Ba zan ɓoye miki ba akwai inda za ki taimaka dole. Wasu manhajojin sai ka ji tana ta cewa maɓalli, maɓalli, ba suna, ga masu cewa ka kalli kyamara ka juya fuska kafin lokaci ya ƙare, ni da ban san inda kyamarar take kallo ba.

Malam Sani, Makka:
Abin da ya fi damun yayana, wanda shi ma ba ya gani, shi ne na'urar biyan kuɗi ta bakala (shagon kayan masarufi), sababbin nan duk gilashi ne sumul ba maɓallin da za ka lalubo, sai dai ya faɗa wa mai shago lambar sirrinsa a gaban mutane. Yanzu kati yake ɗorawa kawai, in bai wuce riyal 300 ba galibi ba ta tambayar lamba. Ki gwada wa Baba wannan, ya sayo burodi da madara da kansa.

Maman Zainab:
Ni tawa 'yar kurma ce, ita waya ta buɗe mata duniya, kiran bidiyo take yi da ƙawayenta da hannu har dare. Amma a rukunin danginmu kowa saƙon murya yake turowa minti 5, ita ko oho, rasuwar kakarta ma sai da ta ga ina hawaye ta sani. Na roƙe su su riƙa rubutawa ko layi biyu ne, har yau mutum 2 ne suka ji.

Ummu Hanan:
Na gode sosai Allah ya saka. Abu Usama na kunna mishi bayan Magariba, ya yi ta faɗa da ita yana cewa matar nan ta cika surutu, amma ya kira ƙaninsa na Kano da kansa, ni ina kicin na ɗaure hannuna ban fito ba. Yanzu ya za a yi mutane su daina jin abin da take karanta mishi in muna mustashfa (asibiti), abin kunne zan saya ko akwai wata dabara?