Shin ganin likita ta intanet yana magance ciwon waswasi?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya daɗe yana fama da waswasi, wanda likita ya ce mana sunansa OCD. Yakan yi ta maimaita alwala har lokacin sallah ya fita, hannuwansa duk sun tsattsage saboda wanki. An ɗora shi a kan wani magani mai suna fluoxetine, an kuma ce sai ya riƙa zama da masanin halayyar ɗan Adam, to amma garinmu yana da nisa da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, zuwa duk mako kuwa ya fi ƙarfinmu. Shin zaman da ake yi ta bidiyo yana da amfani, ko ɓarnar kuɗi ce kawai?

Wani ma'aikacin lafiya:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah Ya ba shi lafiya. Yana da amfani, amma sai an duba abin da ake yi a zaman. Hanyar da ta fi tasiri ita ce ERP, wadda Victor Meyer ya fara bayyanawa a Landan a 1966: a sa mai ciwon ya fuskanci abin da yake tayar masa da hankali daki-daki, ya kuma daure ya ƙi maimaitawar da ya saba, har fargabar ta lafa da kanta. A 2012 masu bincike na cibiyar Karolinska da ke Suwidin sun gwada wannan ta intanet a kan mutum 101 na tsawon mako 10, ƙwararre yana bibiyar su, kuma sun sami sauƙi ƙwarai fiye da waɗanda aka yi wa lallashi kawai. Sai dai wani gwaji da aka buga daga can a 2022 bai iya tabbatar da cewa yin ERP ta intanet ya kai zaman ido da ido ba. Saboda haka ku tambayi duk wanda za ku biya ko ya iya ERP. Idan hira da ban-baki kaɗai zai yi, ku riƙe kuɗinku. Maganin ma kada ya bari, domin yakan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsa.

Abu Safwan:
Ni na yi irin wannan zaman, kuma abin da ya fi taimaka mini shi ne likitar tana ganin inda matsalar take. Nakan jingine waya kusa da buta, in yi alwala sau ɗaya a gabanta, in tashi zuciyata tana ce mini ban wanke gwiwar hannu ba, ita kuma ta hana ni komawa. Katsewar sabis tana da ban haushi, musamman a tsakiyar irin wannan gwaji. Sannan Hajiya, idan ya tambaye ku ko alwalarsa ta yi, ku daina ba shi tabbaci, domin tambayar ma wani reshe ne na ciwon.

Malam Baffa:
Ku kwantar masa da hankali ta fuskar addini. Malaman Malikiyya sun yi bayanin mustankihi, wato wanda shakka take yawan zo masa, kuma hukuncinsa shi ne ya yi watsi da shakkar, don haka abin da likita zai umarce shi bai saɓa wa fiƙihu ba.

Wani ma'aikacin lafiya:
Gaskiya ne, Malam. Amma idan ya fara zancen gajiya da rayuwa, ko ya daina cin abinci, ku bar batun waya ku kai shi Kware a ranar.