In yanka tsofaffin hotunan babanmu ko in bari?

Ɗiyar Mai Hoto, Mabera:
Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan ina kallon aikin wata Ba'amurkiya, Lorna Simpson, haifaffar Brooklyn a 1960. Da kyamara ta fara. Daga baya ta koma yanko kawunan mata daga tsofaffin mujallun Ebony da Jet, ta liƙa kan takarda, ta cire gashin, ta zuba tawada wurin har ta malala sama kamar hayaƙi. Tun da na gani hankalina na kan akwatin marigayi babanmu. Mai hoto ne, ya bar hotunan da masu su ba su zo karɓa ba: amare da lalle har gwiwar hannu, samari sun ci ado ranar Sallah. Jiya na ɗauko almakashi, hannuna ya ƙi. In yanka?

Malamin Zane:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba. Ƙanwata, aje almakashin nan. Mujalla dubbai anka buga, hoton babanku ɗaya ne tak. Ki kai a yi miki sikanin, a buga, ki yanka kwafin. Njideka Akunyili Crosby, mai zane da ke aiki a Los Angeles, ɗiyar marigayiya Dora Akunyili, ita ma kwafin hotunan gidansu take mannawa ta murza da asiton, ruwan sinadari irin na goge jan farce, hoton ya hau takarda. Batun gam kuma, ki shafa kaɗan da buroshi kan kwali mai kauri, ki danne da littafi. Da sanyin safiya za ki yi, zafin Sakkwato na busar da gam kafin ki daidaita fuskar.

Innar Yara:
Ɗiyata, ni fuskokin ne sunka dame ni. Amaren nan yau kakanni ne cikin garin ga, wasu sun rasu, ɗiyansu na nan. Ita Simpson ɗin ai ta daɗe tana ɗaukar mata ta baya. Duba hotonta mai suna Waterbearer na 1986: mace ta ba mu baya, tana tsiyaye ruwa da hannu biyu, kuma ba ka iya ɗauke ido. Ki ɗauki hannuwa da lallen, ki bar fuskar wadda ba ki tambaya ba.

Ɗiyar Mai Hoto, Mabera:
Na gode Malam, na gode Inna. Can ƙasan akwatin na iske hoton mahaifiyarmu tana amarya. Na kai mata, ta daɗe tana kallo. Ta ce in yi da kwafin, amma kada tawada ta taɓa ɗaurin ɗankwalinta, don ƙanwarta da ta rasu ce ta ɗaura mata.