Neman shawara: wane hedifon zan saya da naira 20,000 don koyar da karatu ta intanet?

Malama mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawararku. Ina koyar da yara tilawa da tajwidi ta Zoom daga gida a nan Kano, wasu ɗaliban suna Saudiyya, wasu Ingila. Kullum ina zama kamar awa 4, wani lokacin da waya, wani lokacin da laftof. Cikin wata 5 na sayi iyafis sau 3. Na farko kunne ɗaya ya mutu, na biyu mai bulutut ne, batirinsa yanzu ko awa ɗaya ba ya kaiwa, na uku kuma iyayen yara suna cewa muryata kamar daga cikin rijiya take fitowa. Abin da ya fi damuna shi ne ba na rarrabe sinun da sadun a bakin yaro, kuma a kan wannan ake biyana. Ga janaretan maƙwabcinmu a jikin tagar ɗakina. Naira 20,000 na ware, idan ta kama dole zan iya ƙara 5,000. Wane iri zan saya, kuma a ina? Allah Ya saka da alheri.

Mai gyaran waya a Farm Centre:

Wa alaikumus salam Malama. Kafin a zo kan suna, ki cire mai bulutut daga lissafi. Dalili: duk lokacin da kika kunna makirfonsa don kira ko Zoom, sai ya bar hanyar da yake bi wajen kunna sauti mai kyau ya koma hanyar kiran waya, wadda take matse sautin. Shi ya sa za ki ji karatu a YouTube tas, amma da an shiga aji sai muryar yaro ta dushe. Siririn sautin da ke raba sinun da sadun, ko ha mai ruwa da ha ƙarama, shi ne farkon abin da yake ɓacewa. Ko mai tsadar ma haka yake yi, sai dai wani ya fi wani dama-dama.

Na biyu, a kuɗin da kika faɗa, idan kika sayi mai bulutut, kuɗinki ya rabu gida-gida: batir, na'urar bulutut, akwatin caji, sannan abin da ya rage ya tafi kan sifikar da makirfo. Mai igiya kuwa kusan duk kuɗin a kan sauti suka tafi. Kuma babu ruwansa da an ɗauke wuta.

Ki duba bakin da ake sokawa a waya, mai milimita 3.5. Idan zobe baƙi 2 ne a jikin ƙarfen, ba shi da makirfo, sauraro kawai. Idan 3 ne, akwai makirfo. Mutane da yawa a nan suke faɗawa, su je gida su ce an ba su mai matsala alhali tun asali haka aka yi shi. Ki faɗa mana wayarki tana da wannan ramin? Laftof ɗin kuma rami ɗaya ne ko biyu?

Malama mai tambaya:

Na gode Malam. Wayar Tecno ce, tana da ramin. Laftof ɗin rami ɗaya ne, da ɗan zanen hedifon a gefensa. Wallahi ban taɓa sanin maganar zoben nan ba.

Mai gyaran waya a Farm Centre:

To alhamdulillah, abu ɗaya zai yi miki aiki a duka biyun. Da rami biyu ne, kore da ruwan hoda, sai kin haɗa da 'yar igiyar da take raba baki ɗaya zuwa biyu.

Ɗalibi daga Samaru:

Anti, ni dai ina ganin kada a yi saurin yanke wa bulutut hukunci. Ina amfani da irin wanda ake ratayawa a wuya, na Oraimo, ya fi shekara a hannuna, ina jin lakca da shi, ina amsa kira a cikin adaidaita. Batirin irin waɗannan ya fi na 'yan ƙananan da ake sa wa a akwati daɗewa, kuma ba ya faɗuwa ya ɓace. Igiya kuma kowa ya san halinta, wata uku ta karye daga wuyan bakin.

Mai haɗa sauti a situdiyo:

Ƙanina, naka aikin daban, nata daban. Kai sauraro kake yi, kiran ma na minti biyar ne. Ita awa 4 makirfonta a buɗe, tana farautar harafi ɗaya a bakin yaro ɗan shekara 7 da yake wata ƙasa. Ga kuma jinkirin da bulutut yake ƙarawa a kan wanda intanet ya riga ya kawo. Idan tana jan baki yaro yana bi, wannan ɗan jinkirin ma takura ne.

Malama, bari in ɗan tsawaita a kan abin da nake ganin ya fi cutar da masu saye. A kasuwa idan kika ce a gwada miki, waƙa mai duma, wato sautin kiɗa mai kauri, za a sa miki, kunnenki ya cika, ki ce wannan ya yi. To duma ita ce abin da ya fi sauƙin ƙarawa a hedifon mai araha, kuma ita ce take danne muryar mutum. Muryar ɗan Adam a tsakiya take zaune, tsakanin sauti mai kauri da siriri, haruffa masu shewa irin sinun da shinun da zayun kuma suna can sama da ita. Wanda aka cika wa duma, sai muryar ta zama kamar an rufa mata bargo. Ina kyautata zaton abin da ya same ki ke nan.

Saboda haka ki tafi da abin gwajinki. Ki sauke karatun wani ƙari da kika san muryarsa sosai, a wayarki, ba a ta mai shago ba. Ki zaɓi inda sinun da sadun suke kusa, Fatiha ma ta isa, ga sirat ga mustaƙim a aya ɗaya. Ki saurara a matsakaicin ƙara. Idan sai kin ƙure ƙara kafin ki ji bambancin, ki ajiye shi. Bayan nan ki buɗe WhatsApp ki naɗi muryarki da makirfonsa a nan cikin hayaniyar kasuwa, ki sake saurara. Abin da kika ji shi ne abin da iyayen yara za su ji. Minti biyar wannan zai ɗauke ki, kuma mai shagon da ya san kayansa ba zai hana ki ba.

Rubuce-rubucen jikin kwali kada su ɗauke miki hankali. Sifika mai milimita 40 ko 50 girma ne kawai, ba shaidar kyau ba ce. Abu ɗaya da ya cancanci dubawa shi ne lambar da ake rubuta om a gabanta: daga 16 zuwa 32 waya tana iya tuƙa shi ba wahala. Masu 250 na situdiyo ne, sai da na'urar ƙara ƙarfi, ba na aikinki ba ne.

Uwar gida daga Kaduna:

'Yar'uwa, maza ba za su faɗa miki wannan ba don ba su sani ba. Idan kika ɗora babban hedifon a kan hijabi, ba ya kama kunne, hayaniya tana shiga, sautin ya ragu, ke kuma ki yi ta ƙara ƙara. Idan kika sa a ƙarƙashi, a watan Afrilu cikin minti 20 gumi ya jiƙe ki. Ni na yi aikin amsa kiran kwastomomi daga gida na tsawon lokaci. Wanda yake zama a kan kunne yana danna shi, ya fi kowanne azaba, musamman da ɗan kunne ko gilashi. Ki nemi ko dai wanda yake zagaye kunnen gaba ɗaya, mara nauyi, ko kuma ɗan ƙarami mai roba da ake cusawa. Kuma makirfon da yake rataye a igiya, idan yana cikin hijabi, duk motsinki sai yadin ya goge shi, yara su yi ta jin shuu-shuu. Ki fito da shi waje ki maƙale da ɗan fil. Ina zargin maganar rijiyar nan ma daga nan take.

Malama mai tambaya:

Hajiya, kamar kina ɗakin. A cikin hijabi nake barinsa kullum. Amma janaretan fa? An ce akwai mai kashe hayaniya, shi ne nake ta tunani.

Ma'aikacin kwamfuta a Abuja:

Malama, akwai abu biyu da ake cakuɗawa. Wanda ake rubuta ANC yana rage hayaniyar da ke shiga kunnenki ke, kuma gaskiya ya fi iya aiki a kan ƙugi mai ɗorewa irin na janareta ko fanka, ba ya iya komai sosai da kukan yaro ko sallamar baƙo. Amma ba ya tace abin da makirfonki yake aikawa. Ɗalibanki za su ci gaba da jin janaretan. Wanda ake rubuta ENC shi ne ya shafi makirfo. Masu ANC na kirki masu sauƙin kuɗi, irin Soundcore Q20i, a sanina sun wuce abin da kika ware, kuma duk wanda aka miƙo miki da sunan babban kamfani da ANC a farashin da bai kai rabin na sauran shaguna ba, jabu ne.

Abin da yake maganin janareta a ɓangaren ɗalibai shi ne kusancin makirfo da baki. Shi ya sa nake ba ki shawarar hedifon irin na ofis, mai sandar makirfo da take lanƙwasowa gefen baki. Logitech suna da H111 mai baki ɗaya na milimita 3.5, zai shiga wayarki da laftof. Suna da H390 mai USB, shi laftof kawai. Ki kula da H110, baki biyu gare shi, ba zai yi a waya ba sai da abin haɗi. Ki tambayi farashi a shago uku kafin ki ciro kuɗi, don kayan nan dala suke bi.

Sannan a cikin Zoom na laftof, wajen saitin sauti, akwai inda ake zaɓar ƙarfin rage hayaniyar baya. Ki gwada matsakaici. Idan kika kai shi ƙarshe yana iya yanke miki wutsiyar gunna ko madda mai laushi, ya ɗauka hayaniya ce. Ki kuma juya teburinki ki nisanta shi da tagar.

Mai haɗa sauti a situdiyo:

Na yarda da maganar sandar makirfo. Abin da zan ƙara: irin waɗannan na ofis soso ne a kan kunne, ba sa toshe hayaniya. Yara za su ji ta da kyau, ita kuma janareta yana nan a kunnenta. Idan ƙugin ya yi yawa, ɗan ƙarami mai roba ya fi toshewa, in dai an dace da girman robar. Yawanci guda 3 ake sakowa a kwali, mutane su yar da biyu ba su gwada ba. Kunnen dama da na hagu ma ba lallai girmansu ya zo ɗaya ba.

Ma'aikaciyar jinya:

Don Allah Malama ki kula da ƙarar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da babba zai iya ji lafiya shi ne ƙarar da ba ta wuce desibel 80 a ma'aunin ƙarfin sauti ba, na awa 40 a mako, kuma da ƙarar ta ɗan hau, lokacin yana raguwa da sauri. Ke kina yin awa 4 kullum kusa da janareta, wato kina da dalilin ƙure ƙara. Ki tsaya a wajen kashi 60 cikin 100, ki cire shi tsakanin ɗalibi da ɗalibi. Idan kina jin kunnenki yana ƙara bayan aji, ko kamar an toshe shi, ki je a duba. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, ke kuma da kunnen kike cin abinci. Robar ma a riƙa goge ta, kuma kada a yi aron ta.

Mai gyaran waya a Farm Centre:

Maganar inda za a saya. Farm Centre akwai, titin Beirut akwai, kuma a duka wuraren akwai na gari akwai jabu. Ki shiga shago mai mazauni, kada ki saya a tire ko a hannun yaran bakin ƙofa, don gobe ba za ki gan su ba. Ki ce a rubuta miki rasit da sunan kayan da kwanakin da za ki iya dawowa da shi. Ki duba kwali: rubutu mai dishi-dishi, harafin da aka juya a sunan kamfani, leda da aka sake mannawa. Ki ce wa mai shago kai tsaye, orijina nake so, idan kofi ne ka faɗa mini. Da yawa idan aka tambaye su haka suna faɗin gaskiya, su fito da na cikin durowa.

Ƙanina na Samaru ya yi gaskiya a kan karyewar igiya. Daga wuyan bakin take mutuwa, saboda ana nannaɗe ta a jikin waya ana cusawa a jaka, ko a fizgo ta daga igiyar maimakon a kama bakin. Ki zaɓi mai baki a lanƙwashe kamar gwiwa, da roba mai kauri a wuyan. Kuma idan kunne ɗaya ya mutu kada ki yar, sau da yawa canza bakin kawai ake yi da dalma.

Malama mai tambaya:

Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Jiya bayan la'asar ƙanina ya raka ni Farm Centre. Shago huɗu muka shiga. A na farko da na ce zan gwada da wayata sai aka ce ba a buɗe kwali, muka fita. A na uku na gwada guda biyu da Fatiha kamar yadda Malam na situdiyo ya ce. Wanda ya fi kyau a ido, babba mai jan launi, da ƙyar na ji sadun ɗin siraɗa. Na ɗauki mai sandar makirfo don laftof, canjin da ya rage na ƙara 2,000 na sayi ɗan ƙarami mai roba, mai zobe 3, don ranar da janareta ya matsa. An ba ni rasit da kwana 7.

Da safe na yi aji da yara biyu. Mahaifiyar ɗaya ta turo saƙo tana tambaya ko na canza ɗaki ne. Na kuma kama wata yarinya tana mayar da zal zayun a allazina, abin da na tabbata ta daɗe tana yi ban ji ba. Teburin ma na matsar da shi jikin ƙofa.

Hajiya ta Kaduna, saura tambaya ɗaya: sandar makirfon a waje da hijabi kike fito da ita ta gefen kumatu, ko akwai wata dabarar? Yau sai da na yi ta gyara ta.

Uwar gida daga Kaduna:

Ki sa hula ko ɗankwali mara kauri, ki ɗora hedifon a kai, sannan ki kawo hijabi mai ɗan faɗin fuska, sandar ta fito ta gefen hagu. Ki bar tazarar yatsu biyu tsakaninta da gefen bakinki, kada ta tsaya a gaban leɓe, in ba haka ba duk harafin ba da na fa sai sun buga wa yara iska a kunne.