Daga Maƙogwaro Zuwa Leɓe

Alaramma:
Da sunan Allah nake farawa,
'Yan'uwa, tambaya nake kawowa.
Halilu na Basra ya jera haruffa,
Daga Ainun ya soma ƙirgawa.
Shin akwai waɗanda suka riga shi
Bin sawun sauti da tantancewa?

'Yar Zazzau:
Allah gafarta Malam, akwai su,
A Indiya, can a zamanin da.
Da ka suke ɗauka, ba tawada,
Masu haddar Veda, waƙoƙin addinin Hindu.
Tsoron kada harafi ya karkace
Ya haifi Shiksha, ilimin faɗa,
Guda cikin rassa 6 na Veda.

Dattijon Damagaram:
Tsoron nan yana da tushe, ɗiya,
Ga yadda suka kawo shi a hikaya:
Tvashtar ya so ɗa mai kashe Indra, sarkin allolinsu,
Ya tsaya gaban wuta da niyya.
Ya ce "Indrashatru", sai karin sauti
Ya faɗa gaba maimakon baya.
Ma'ana ta juye, Indra ne makashi,
Ɗan, Vritra, ya faɗi, uba ya sha wuya.
Bahaushe ba ya mamakin wannan,
Da kari yake raba wuya da wuya.

Ɗalibin Harshe:
Baba, ni jerin baƙaƙen harshensu, Sanskrit, ya kama ni,
Sahu 5, kowanne 5 a jere.
*Ka* daga maƙogwaro, *ca* a ganɗa,
Sai wadda harshe ke naɗewa a tsare,
*Ta* a haƙori, *pa* a leɓe,
Ɗan hanci ke rufe sahu a tare.
Littattafan Pratishakhya sun bi su,
Mai ziza, marar ziza, duk an ware.
Panini na Gandhara, masanin nahawu, ya ɗora,
Ƙa'ida kusan 4,000 a ɗaure,
Wajen ƙarni na 4 kafin Isa,
Ba na'ura, da kunne kawai aka ƙware.

Alaramma:
Na gwada yanzu, ni da bakina,
Na ji harshe yana tattakawa.
Fiye da shekara 1,000 ke nan
Kafin Halilu ya zo rubutawa!
'Yata, to tishi fa, ya suke yi,
Har hadda ta ƙi zubewa?

'Yar Zazzau:
Jata suke ce masa, Malam, kitso ne:
Kalma 2 za ka ɗauko da fari,
Ka faɗa, ka juya, ka sake faɗa,
Ka matsa gaba a kan wannan tsari.