Neman likitan mata da katin NHIA: abin da na tattaro

Salam 'yan uwa, maganar da aka yi kan yadda mai katin NHIA (hukumar inshorar lafiya ta ƙasa) za ta samu ganin likitan mata ta yi tsawo sosai shi ya sa na ce bari in haɗa muku abin da aka faɗa wuri ɗaya.

1. Kusan kowa ya yarda ki fara zuwa asibitin da kika zaɓa lokacin rajista. Su za su duba ki, in abin ya fi ƙarfinsu sai su nemo lambar izini daga HMO ɗinki (kamfanin da ke kula da inshorar lafiyarki) su tura ki wajen likitan mata. Wata ta ce ta yi sammako ta tafi babban asibiti kai tsaye, ta wuni a layi da tsohon ciki, ƙarshe aka ce ta koma ta kawo lambar, wallahi abin ya taɓa ni.

2. Ki kira HMO da kanki ki tambayi asibitocin da ke ƙarƙashinsu.

3. Awo da haihuwa suna cikin inshorar, magani kuma kashi 10 cikin ɗari na kuɗinsa kike biya, sai dai da yawa sun yi ƙorafin ana cewa babu maganin a saya a waje.

Inda aka rabu shi ne asibitin gwamnati ko na kuɗi. Wasu sun ce asibitin koyarwa ya fi ƙwararru musamman in za a yi tiyata, wasu suka ce layin ya yi yawa kuma ba lallai ki samu likita mace ba. Ni dai ina ganin mai hawan jini ko wadda aka taɓa yi wa aiki ta daure ta bi layin.

Ma'aikatan jihar Kano kuma nasu KSCHMA ne, wato hukumar inshorar lafiya ta jihar, can za su tambaya.